Mai Akwati da 'Yar Fari

Fensir a tsakanin haƙora, rula a hannun hagu, Malam Hadi yana bin doguwar takarda layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Haka yake yi kowace safiya in yana gida. Da ya dawo daga masallaci sai ya shimfiɗa takardar nan mai ninki-ninki da na'ura ta buga, wadda in an warware ta za ta kai daga ɗakinsa har zaure, ya shiga neman inda ya yi kuskure. Inuwa ta faɗo a bakin ƙofa. Hapsatu ce, 'yarsa ta fari, mai shekara bakwai, riƙe da kwanon koko hannu bibbiyu. Ta durƙusa.

"Ina kwana."

"Lafiya. Ajiye nan."

Bai ɗago ba. Ta ajiye ta fita. Iyakar hirarsu ke nan, kuma a ganinsa babu abin da ya ragu.

An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Zandam, can cikin Gwaram, a gidan masu shanu da suka daɗe da zama wuri ɗaya har Fulatanci ya soma zube musu daga baki. Kunya ce dai ba ta zube ba. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, ko da idon mutane ko babu. Hadi shi ma ɗan fari ne. Har ubansa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, daga "kai" sai "yaron nan". Bai kuma taɓa jin an tauye shi ba.

Makaranta ta raba shi da kiwo yana ɗan shekara takwas. Ranar da aka sami mulkin kai yana cikin yaran da aka jera a rana, aka ba kowa 'yar tuta, aka ce yanzu ƙasar tasu ce. Shi dai lissafi ya fi ganewa. Lissafi ya kai shi sakandare a Birnin Kudu, ya kai shi Zariya, can ya tarar da wata na'ura da ta cika ɗaki guda, ana hura mata sanyi dare da rana kamar 'yar gata. Ya koyi yadda ake rubuta mata umarni, a huda shi a jikin kati, kowane kati layi ɗaya. Da arzikin mai ya zo, kowace ma'aikata ta so a ce tana da kwamfuta. Na'urori suka yi yawa, masu iya magana da su kuwa ba su da yawa. Wani kamfani a Kano ya ɗauke shi aiki, amma kujerarsa ta ofis ba ta taɓa yin ɗumi ba. Yau Kaduna, gobe Jos, jibi Ikko. Akwatin ƙarfe yake tafiya da shi, cike da katuna dubu biyu a jere, ba ya yarda kowa ya riƙe masa, don in suka zube suka hautsine, aikin wata uku ya zama gero a cikin yashi.

Iyalinsa ya bari a Birnin Kudu, garin matarsa Zahara'u, kusa da danginta, kuma a kan hanyar zuwa wajen mahaifiyarsa. Ƙanensa Sabo, mai noma a Unguwar Ya, shi ke leƙa gidan safe da yamma. Hadi ya ga wannan hikima ce. A wata yakan kwana biyar a gida, wani lokaci uku. Ya yi wa gidan rufin kwano, ya haƙa rijiya, rumbu bai taɓa ganin ƙasansa ba. In ya dawo, ƙannen Hapsatu biyu sukan haye wuyansa suna laluben aljihu. Ita kuwa tana tsaye jikin turmi, ya wuce ta kamar yadda aka riƙa wuce shi.

A wannan safiya, bai kai ƙarshen takardar ba sai aka yi sallama a zaure. Maikuɗi ne, direban kamfani, ya zo ɗaukarsa zuwa filin jirgi na Kano. Aikin mako shida ke jiransa a Ikko. Tagar ɗakin tana kallon zaure, don haka komai ya shigo kunnensa.

"'Yan mata, je ki ce da babanki mota ta iso."

"Baba Sabo bai zo ba tukuna. Yana gona," in ji Hapsatu.

"A'a, maigidan nan nake nufi."

"Au, Mai Akwati? Yana ciki."

Maikuɗi ya yi dariya har da tari. Yarinyar ba ta yi ba. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, ba kuma da fushi ba. Ta faɗa ne yadda za a ce mai nono ta zo, ko mai gyaran rediyo ya wuce.

Fensirin ya faɗo daga bakin Malam Hadi.

Zahara'u ta shigo da rigunansa gogaggu a kan hannu. Kallo ɗaya ta yi masa ta san ya ji.

"Wa ya koya mata wannan suna?" in ji shi.

"Wa zai koya mata, Malam? Ido gare ta. Ta ga mutum ya shigo da akwati, ya fita da akwati. Da tulu kake yawo da Mai Tulu za ta ce."

"Ba ki gaya mata ni ne ubanta ba?"

"Ta sani mana, kamar yadda ta san akwai teku a Ikko. An gaya mata, ta yarda."

"Ke ma ai 'yar farinki ce. Kin san al'ada."

Ta jera rigunan a kan gado, tana shafe su da tafin hannu. "Ni tawa kunyar na ajiye ta tun shekarar da ƙyanda ta kama ta kana Inugu. Kwana tara ina kiran sunanta don kada ta lumshe ido ta wuce. In akwai wanda ya ji haushi, bai zo ya gaya mini ba."

Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, tana gidan a lokacin, ta zo asibiti ganin likitan ido. Tana zaune a kan 'yar kujera a gindin bangon ɗakin, tana shan hantsi. Ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za ta bi ta kansa. Ta gyara murya.

"Zahara'u, ki gaya wa mutumin nan, marigayi bai kira sunansa ba, gaskiya ne. Amma tarin wa ke tashinsa da asuba? Sawun wa yake takawa in za a kai shanu rafi? Ranar da ƙaya ta karye masa a ƙafa, wa ya zauna ya cire, fuska a kauce kamar ba shi ke yi ba? Kunya ta wanda ake gani kullum ce. Wanda ba ya nan, me ya rage da zai ɓoye?"

Zahara'u ta ce, "Inna, ai ya ji."

"Ki dai gaya masa."

Malam Hadi ya dubi takardar da ke gabansa. Shekara goma yana cin abinci da neman kuskure a cikin layuka, ya kuma san mafi wuyar kamawa shi ne wanda kowane layi daidai yake, sai dai an ɗauko umarnin daga inda aka yi shi aka kai shi inda bai dace ba. Ubansa ya yi shiru a kusa, shirun ya zama inuwa. Shi ya ɗauko shirun ya haɗa da nisa. Ya tuna warin rigar ubansa, hayaƙi da man shanu, wanda har yau in ya rufe ido yana jinsa. Ya tambayi kansa ko me yarinyar nan za ta tuna game da shi.

Ya san ba zai bar tafiya ba. Aikin yana sonsa, shi ma yana son aikin, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Amma mako shida nan gaba yarinyar za ta ƙara tsawo, a wani dawowar kuma zai tarar ta daina tsayawa ko a jikin turmin.

Daga zaure Maikuɗi ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, jirgin ƙarfe goma ne fa, kuma hanya ba ta da kyau bayan Wudil."

"Kashe motar, Maikuɗi."

"In ya tashi ya bar mu?"

"Gobe ma akwai sama."

Ya juyo wajen matarsa, ya rage murya. "Ta sa kayan makaranta?"

"Tana ɗaura ɗankwali."

"Ce mata ta dakata. Ni zan raka ta yau."

Zahara'u ta naɗe hannu a ƙirji. "Bakinka ciwo yake, Malam? Ga ta can bakin rijiya. Ni ba zan zama 'yar aike tsakanin uba da 'yarsa ba, na Inna ma ya ishe ni."

A waje Inna Hajjo ta jawo mayafi ta rufe kanta har kunnuwa, ta juya fuskarta wajen bango, kamar mai gyangyaɗi.

Ya miƙe. Ya gwada sunan a hankali, leɓe kawai, ya ji shi baƙo a bakinsa, da nauyi kamar ruwan rijiyar wani gari. Shi ya zaɓa mata shi, shi ya raɗa wa liman ranar suna, tun daga ranar kuma bai sake furta shi ba. Ya sake gwadawa, wannan karon da ɗan sauti. Zahara'u ta kawar da kai, ta shiga gyaran rigar da ba ta buƙatar gyara.

Ya zura takalmansa, ya ɗaga labule ya fita.