Askar Baba Dramani

A unguwar Maamobi, duk jaririn da aka raɗa wa suna a bayan babbar kwata, Baba Dramani wanzami ne ya yi masa askin suna. Shekara arba'in yana sana'ar da aska ɗaya tal, gadon mahaifinsa. Ya wasa ta a fata, ya goge da tsumma, ya yi bismillah. Ga tsabta har da fitina: riga fara ƙal, kuma ka kuskura ka taka masa tabarma da takalmi, ranar sai ka ji a jikinka.

Bara ma'aikatan lafiya suka je makarantar su Sadia, jikarsa 'yar shekara tara, suka gwada jinin yara. Aka ce tana ɗauke da ciwon hanta, irin wanda ake kira B. Uwarta Awabu ta zazzage akwati ta fito da katin awo: allurar rigakafi uku cif, ba ta tsallake ko ɗaya ba. To, ta ina?

Tsohon ya raka su asibiti. Nas ta ce a lokacin sai jariri ya yi sati shida ake fara allurar, kuma in cutar ta riga ta shiga, rigakafi ba ya korar ta. Aka gwada Awabu, lafiyarta ƙalau.

"'Yata," ya ce wa nas ɗin, "aska fa? Ranar bakwai da hannuna na aske ta."

"Baba, ba wanda zai rantse. Amma yana yiwuwa."

Kai, ina ma ta ce a'a! Da wani ne sai ya ja bakinsa ya yi gum, wa zai sani? Shi kuwa gida-gida ya bi, har unguwar Kawukudi, yana roƙon iyaye su kai yaran da ya aske gwaji. Wasu suka gode, wasu suka daina gaishe shi. Kiran aski ya ɗauke ɗif. Duk wannan bai ci masa rai kamar shirun Awabu ba. Tana aiko masa da tuwo, amma ba ta haɗa ido da shi, ga ta da tsohon ciki.

Ta haifi namiji, aka yi masa allura tun a asibiti. Ranar suna tsoho ya zauna a ɗakinsa, bai sa rai da komai ba. Sai ga Awabu da jariri a kafaɗa. Ta miƙa masa sabuwar reza a cikin takardarta.

"Baba, ga kan jikanka," ta ce. "Amma buɗe ta a gabana."