Baba Ilu da Gwangwanin Masai

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba Ilu a Riyadh ya san inda gaisuwarsa ke ƙarewa. Za a fara lafiya lau: ina gajiya, ya aiki, ya zafi, ya kafili, ya mutanen gida. Kana shirin zare hannunka sai ya ƙara damƙe shi, ya matso da fuska, ya rage murya kamar zai ba ka wani sirri, ya ce, "To, masai ɗin gidanku fa? Da nisa tsakaninsa da rijiya kuwa?"

Kuma ba ruwansa da inda aka haɗu. Ya yi tambayar nan a ƙofar masallaci, ya yi ta a layin tura kuɗi a Batha, ya yi ta ana tsaka da cin abinci. Ina wurin ranar da wani ango a cikinmu ya dawo daga hutu, sai sheƙi yake, ana ta yi masa Allah ya sanya alheri. Baba Ilu ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Madalla. Gidan da ka ajiye 'yar mutane, an ɗaure bakin rijiyar?"

Ango ya ce, "Haba Baba! Maimakon ka tambayi lafiyar amarya?"

Ya ce, "To me nake tambaya?"

Ga waɗanda suka zo bayan rasuwarsa, Baba Ilu direban wayit ne, irin tankar nan da ke zuƙe bayyara, wato ramin da ƙazantar gida ke taruwa a ciki. Ni kuma direban gida ne a unguwar Jaradiya, in kai yara makaranta, in kai uwar gida kasuwa. Ƙauyen su Baba Ilu na kusa da garinmu, can wajen Haɗeja, shi ya sa ya shigo ƙungiyar 'yan garinmu da ke zama duk Juma'a bayan la'asar a wani ɗaki a Utaiƙa. Tsoho ne dogo, busasshe, ga faɗa, kuma bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba. Yakan ce shi ya san gidajen manya ta baya, kuma abin da ya tarar a raminsu bai fi namu ƙamshi ba.

Maƙo kuwa, sai dai mu ce Allah ya gafarta masa! Jakar ganyen shayi ba ta barin hannunsa sai ta koma fara. Ya tsoma, ya cire, ya shanya ta a gaban gilashin mota, gobe ya sake tsomawa. Na taɓa raka shi Batha zai sayi turare, na ce, "Baba, ba ka canza kaya ba?" Domin daga wajen aiki yake, rigar nan tana ba da labarin inda ta fito. Ya ce in dai biyo shi. Muka shiga wani ɗan ƙaramin shago mai sanyi, ya rufo ƙofa a hankali, ya ɗauki kwalba ya ce, "Kam?" Mai shago ya faɗi kuɗi. Baba Ilu ya taya rabi, ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ba a jima ba masu sayayya suka fara toshe hanci suna zamewa. Mai shago ya cusa masa kwalbar a hannu yana cewa, "Halas, halas, yalla!" wato shi ke nan, ɗauka ka tafi. Da muka fito Baba Ilu ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Ciniki da kayan aiki ya fi sauri."

Maganar gwangwani ta samo asali ne daga wani zama da muka yi. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Mamman, mai harkar kaya tsakanin Batha da Kano, ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu haƙa rijiyar burtsatse a garinmu, a liƙa allo mai ɗauke da sunan ƙungiya, don a san 'yan Riyadh ba barci suke ba. Kowa ya ce ya yi. Baba Ilu ya ɗaga hannu.

"A ina za a haƙa ta?"

"Bakin kasuwa, inda kowa zai gani."

"Kusa da waɗancan biyun da suka lalace?"

Alhaji ya ce ai tamu ba za ta lalace ba. Baba Ilu ya ce, "Haka su ma suka ce. Amma fa allunansu na nan garau, ba su taɓa daina aiki ba."

Daga nan ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi. Ya ce mu tuna yadda garinmu yake da damina: ƙasa ta jiƙe, masai ya rufta, ƙazanta ta bi ta ƙarƙashi ta sami rijiyar tsakar gida. Mai hali ya kira magini. Marar hali, da tsohuwar da mijinta ya mutu ya bar mata gida ba ko sisi, su ci gaba da sha suna cewa Allah ya kiyaye. Ya ce can ya kamata kuɗinmu ya tafi.

Alhaji Mamman ya ce, "To Baba, in mun gyara masai, ina za mu liƙa allon?"

"A ƙofar masai ɗin mana. In kana so ma a sa sunanka a sama."

Aka yi dariya har da masu faɗuwa, amma da aka zo ɗaga hannu, burtsatse ta ci. Shi ko a jikinsa. Juma'ar da ta biyo sai ga shi da gwangwanin madara, ya huda murfin da wuƙa, ya dire shi a tsakiyar darduma. Bai roƙi kowa ba. In ya lura ba ka saka komai ba, sai kawai ya taso ya zauna kusa da kai, kafaɗa da kafaɗa, da kayan aikinsa. Wallahi ban san wanda ya iya jurewa har aka tashi ba.

Gwangwanin yana da dokokinsa, kuma duk a kan Baba Ilu suke. Ba a gyara wa mai gidan haya, shi ya je ya gyara da kuɗin hayarsa. Sai wanda ke zaune a gidansa na kansa kuma ya gaza. Sannan ba a ba kowa kuɗi a hannu. "In kuɗi ya shiga gida ba ya isa bayan gida," in ji shi, "tun a zaure suna ko biki zai tare shi." Wani magini ne a garinmu, Tanko, ake tura wa, shi kuma ya sha wuya a hannun tsohon nan. Dole Tanko ya nuna masa komai ta kiran bidiyo: ramin, simintin, murfin. Wata rana ya ce bai yarda da wata rijiya ba, sai Tanko ya ɗaure wayarsa a igiyar guga ya zura ta ciki ya gani da idonsa. Muna kallo, ga duhu, ga bango na wucewa, sai muka ji tsulum! Hoto ya ɗauke. Baba Ilu ya gyaɗa kai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Yanzu dole a yashe ta."

Muna ta dariyar abin nan shekara da shekaru, har ranar da ya zo kaina. Wata damina masai ɗin gidanmu ya zauna, ruwan rijiya ya canza launi. Mahaifiyata, Inna, tana riƙe da 'ya'yan ƙanwata, kuma suka fara gudawa ɗaya bayan ɗaya, har aka kwantar da ƙaramar a asibiti. Ni kuma a shekarar sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya kwashe ɗan abin da ke hannuna. Da Baba Ilu ya damƙe hannuna ya yi tambayar da ya saba, na kasa dariya. Ya dube ni ya ce, "Kira min ita."

Ai kuwa ya gamu da daidai shi. Inna mace ce da ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, rijiyar nan kuma mahaifina marigayi Malam Audu ne ya haƙa ta. Ko gama gaisawa ba su yi ba ta ce, "Malam Ilu, na ji labarinka. Kai ne mai yawo da gwangwani saboda masai?"

"Ni ne, Yaya."

"To gidan Malam Audu bai kai ga haka ba tukuna. Ina jefa alam, ruwa ya kwanta. Da ruwan nan na raini 'ya'yana kaf. Ga ɗaya nan kusa da kai, ya mutu ne?"

Baba Ilu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bai mutu ba, amma dai bai yi wani auki ba."

Ta kashe waya. Ya sake kira, ta ce tana salla. Ya tura Tanko, ta ba shi fura ya sha, ta raka shi ƙofa. Aka sallamo yarinyar daga asibiti, ta dawo gida ta ci gaba da shan ruwan da ya kwantar da ita, ruwan sama kuma bai fasa sauka ba. Ni tsoro ya kama ni sosai. Duk lokacin da waya ta yi ƙara ina tuƙi sai in zaci mummunan labari ne.

Wata rana bayan azahar ya zo ya same ni a Jaradiya, ya ajiye wayit ɗinsa a bayan masallaci, ya ce in hau. Zafi kamar a cikin tanda, na'urar sanyin motar ta daɗe da mutuwa. Ya ce in kira Inna da wayarsa, in buɗe murya. Mutumin da ko gaisuwar salla sai dai ya ari wayar wani!

Ya ce, "Yaya, yau ba gardama na zo yi ba. Ina da 'ya, sunanta Rakiya, ita ce autata. Ina nan ina kwashe ramin mutane, nawa ramin ya rufta a gida. Aka gaya min, na ce a dakata sai na zo hutu, kada magini ya cuce ni. Amai da gudawa ya kama ta. Kafin in sami izinin tafiya an binne ta." Sannan ya ce, "Ba taimakonki zan yi ba, Yaya. Ni ne mai roƙo. Ki bar ni in yi wa Rakiya sadaka a gidanki."

Duk zaman da muka yi da shi ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Ina jiyo kukan awakinmu ta cikin wayar. Can Inna ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ta yi wayo?"

"Ta fara zuwa islamiyya."

"Turo maginin. Amma ba za a cike rijiyar Malam ba."

"Ba za a cike ta ba. Masai za a ɗauke a kai ƙarshen gida. Rijiya a yashe ta, a ɗaure ta da siminti, a yi mata murfi. Kafin nan ki dinga tafasa wa yaran ruwa."

"Kuma ni zan ciyar da masu aikin. Ba na son magana."

"Na yarda."

Ya goge fuska da rawaninsa, ya juyo ya daka min tsawa: "Me kake kallo? Kashe mana, kuɗina na tafiya!" Kafin in sauka ya ce in na kuskura na faɗa wa 'yan ƙungiya, zai zo ya juye min wayit guda a ɗaki. Ban faɗa ba sai yau, da na tabbata ba zai iya ba.

Aka yi aikin kafin damina ta fita. Yarinyar nan yanzu ita ke ja wa Inna guga.

Baba Ilu bai koma gida ba. Ciwo ya kama shi a wani lokacin sanyi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, muka binne shi a nan Riyadh. Kun san kaburburan garin nan, ba a rubuta sunan kowa, dutse ne kawai a kai da ƙafa. Da aka gama, Alhaji Mamman ya tsaya yana ta dube-dube, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ko allo babu." Na ce, "Alhaji, ai da an sa ma da sai ya tashi ya cire." Muka yi dariya muna hawaye. Yanzu Alhajin ne da kansa ke riƙe da gwangwanin. Ya so ya raɗa masa suna mai daɗi, gidauniyar kaza da kaza, amma har gobe gwangwanin masai kowa ke ce masa.

Da na je hutu na tarar maƙwabta na shigowa gidanmu ɗibar ruwa. Duk sanda Inna za ta zura guga sai ta ce, "Allah ya kai ladan ga Rakiya da ubanta." Ina zaune a tsakar gida wata maƙwabciya ta cika bokitinta ta yi sallama za ta fita, sai na ga Inna ta riƙo hannunta, ta matso da fuska, ta rage murya ta ce, "Ni kuwa, masai ɗin gidanku, da nisa tsakaninsa da rijiya?" Na tashi na shige ɗaki, don kada ta ga fuskata.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya yafe masa faɗansa da maƙonsa da abin da ya yi wa hancinmu. Allah ya sada shi da Rakiya, ya shayar da su tare daga ruwan Alkausara, wanda ba sai ya tambayi kowa ba kafin ya miƙa mata ta sha. Amin.