Ɗigon Yaya Wasripah

A rumfarmu ta zanen batik, wato yadin da ake yi wa ado da kaki kafin a rina shi, a garin Pekalongan, babu wadda ta kai Yaya Wasripah iya ɗigo. Tun tana yarinya take riƙe da cantin, ɗan ludayin tagullar da muke ɗibar narkakken kaki da shi, kuma nata mai bakin allura ne. Sai ta hura bakin, ta jera ɗigo a fiffiken tsuntsu kamar ƙwan kifi. Harshenta ma haka yake da tsini. Masu toshi, wato masu shafe manyan filayen zane da kaki, ba ta lissafa su cikin masu sana'a. A cikinsu Turipah ta fi kowa shan baƙar magana.

"Ke Turipah, wannan ai fentin bango kike yi. Akuya ma in an ba ta za ta iya."

Da layuka suka fara karkacewa a idon Wasripah na dama, mai shata zane ta ɗora wa laifi. Daga baya ta ce yadin ne ba a miƙe shi daidai ba. Ta yi watanni tana rigima da mu, har wani baƙin tabo ya zo ya zauna daidai inda take kallo. Idon hagu kuwa dama tun ƙuruciya ba ya taɓuka komai.

Ni na raka ta asibiti a Semarang. Likita ya ce wasu jijiyoyin jini ne suka tsiro a ƙarƙashin tantanin gani, can tsakiya, suna tsiyaya. Allura ba za ta wadatar ba, sai an shiga an kwashe. Bayan aikin za a bar kumfar iska a idon, ta yi kwanaki fuskarta a kife.

Ta ce, "Likita, ni da kan nan nawa yake sunkuye tun ba a haife ka ba? Ɗigo nake tambaya. Zan gan shi?"

"Iya, abin da ya rage za mu ceta."

Aka yi aikin. Ta kwanta rub da ciki tana shan kunun shinkafa, tana yi wa tabarma faɗa.

Tabon ya ragu. Tana gane fuska, tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Ranar da ta dawo rumfa, kowa ya yi kamar aiki ya sha masa kai. Ta hura cantin, ta ɗiga. Ɗigon ya hau kan ɗan'uwansa. Ta karkata kai ta sake, haka dai. Duk da baƙar maganar da ni ma na sha, wallahi tausayinta ya kama ni.

Ta ajiye cantin. Can ta ɗauki kujerarta ta tsallaka ɓangaren masu toshi. Turipah ba ta ko ɗago ba, ta turo kaskon kaki tsakaninsu, ta miƙa mata cantin mai faɗin baki.

"Ga shi, Yaya. A hankali, bangon ba ya gudu."

Wasripah ta karɓa ta hura bakinsa, duk da irinsa ba ya toshewa.

"Nuna min inda ake farawa," in ji ta.