Maman 'Yan Biyu da Matacciyar Bas

Rannan aka ja matacciyar bas ɗin jami'a za a kai wa 'yan gwangwan, ashe maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu na ciki tana sharar barci, littafi a fuska. Sai a bakin get ta farka da salati.

Tela ce, ta koma karatu da shekara arba'in. Gida yara sun hana ta sakat, laburare ba kujera, sai ta gano bas ɗin a bayan gareji. A ciki take shirin jarrabawar da in ta sake faɗuwa za a sallame ta. Ta kuwa ci.

Na ce, "Maman yara, karatu kika je ko yawon buɗe ido?"

Ta ce, "Motar da ta shekara biyar a mace ma ta motsa. Kai fa? Kana nan kan bencinka."