Dusar Burkutu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, ina da awaki biyar da goyon fari. Ƙauyenmu yana arewa da Sabon Birni, dab da turken ƙarfen da ya raba mu da Nijar. Tsofaffinmu Faransa suke ce wa can, ko da yake can ɗin gonar kawun maigidana ce.

A bayan gari akwai wata tsohuwa, cikin ragowar Azna da ba su musulunta ba, mai dafa burkutu. Babu wanda ke sha a garinmu. Tulunanta dai ba sa kwana da kaya.

Da aka fita roƙon ruwa har aka gaji, sai mai gari ya ce ba za a ƙara jiƙa dawa don giya a ƙasarsa ba, mutane na cin tafasa babu ƙuli. Tsohuwa ba ta yi musu ba. Ta ɗora tukwanenta a jaki, ta wuce turke, ta kafa murhu a gindin wani gawo. Daga ƙofar gidanmu muna hango hayaƙinta. Mai gari ma yana hangowa, amma hayaƙin wata ƙasa ne.

Daga nan maza suka tsiri zumunci. Kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a Faransa.

Ni abin da ya kai ni awaki ne. Biyu sun mutu, sauran sun koma cin tsumma. Na goya ɗana, na ɗauki ƙwarya, na je na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, dusa nika so, wadda kika zubarwa in kin tace."

Ta dube ni, ta dubi yaron. "Mijinki ya sani?"

"Za ni hwaɗa mishi."

Ta cika mini ƙwarya har da tozo. Dusar ja ce wur, don a wannan lokacin, da jar dawar agaji take dafawa, wadda ake rabawa a can ba a rabawa a nan. Ta ce masu sha suna ta ƙorafi, wai burkutun ya canza, ba ya da daɗin na gida. Na tambaye ta ko sun daina zuwa. Ta ce a'a.

A hanyar dawowa wani jandarma ya tsayar da ni, ya sa yatsa a ƙwaryar, ya sansana, ya daɗe yana tunani. Sannan ya ce in wuce.

Maigidana bai ji daɗi ba. Ya tafi wurin liman ya tambaya ko nonon akuyar da ta ci dusar giya ya halatta. Liman ya tambaye shi ko akuyar na tangaɗi. Ya ce ba ta yi. Liman ya ce zai duba littafi. Kafin ya gama dubawa, matar liman ɗin ta fara bina da tata ƙwaryar.

Haka muka yi ta zirga-zirga har damina ta zagayo. Awaki ukun suka rayu, ɗaya ma ta haifi tagwaye. Da aka sami amfanin gona, mai gari ya aika wa tsohuwa cewa tana iya dawowa ɗakinta, in dai za ta bar tukwanen a can. Ta ce a gaishe shi, gwiwoyinta sun tsufa da hawa jaki.