Hoton ƙirji mai lamba goma sha ɗaya

Yau Farfesa ya ɗora wani tsohon hoton ƙirji a jikin fitila, ya ce in karanta. Mu huɗu ne ke neman ƙwarewa a hoton zuciya da ƙirji, ni kaɗai ce mace, don haka ni ake fara gwadawa.

Hotunan koyarwa ba su da suna, yanke shi ake yi. Amma a kusurwar wannan akwai wata 'yar fulawa da aka zana da tsinin allura. Ni na zana ta, ina 'yar firamare, a kan bencin asibiti, shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Baba ne ya ba ni ambulan ɗin hoton ƙirjinsa in riƙe masa.

Ga kuma ƙashin wuyan da ya karye ranar da ya faɗi da Vespa a Gyadi-Gyadi.

"Dakta, me kika gani?"

"Akwai ƙari a ɓoye bayan zuciya, ranka ya daɗe."

"Madalla. A lokacin ba wanda ya lura. Da an lura fa?"

"Da wataƙila ya ga auren 'yarsa."

Ya yi murmushi, ya ce ina da salon magana. Ya ciro hoto na gaba.

Na koma ɗakina a Tarauni da yabon Farfesa, na rasa wanda zan gaya wa. Hajiya, mahaifiyata, har gobe cewa take ajali ne kawai ya ɗauke Baba, kuma hakan ne ya riƙe ta.

Ku da ku ne, za ku faɗa mata?