Tukunyar Tambayoyin Yaya

Yayana mai gyaran agogo ne. Shekara talatin yana rumfa ɗaya, gilashi maƙale a ido, magana kuwa sai an roƙe shi. Amma ka kuskura ka ambaci jarrabawar gama sakandare, ranar ba ka da sauran aiki.

A wata ƙasa ya yi karatu, lokacin da babanmu ke aiki can. A can, in ji shi, malamai uku ne ke sa ka a gaba, ka zura hannu a kwando ka zaro tambaya, ka amsa da baki. Wannan ce jarrabawa a wurinsa, saura wasan yara ne.

Da 'yarsa Auta ta shiga ajin ƙarshe, gida ya shiga uku. Aikin jinya take son karantawa, shi kuma ya rantse ba za ta faɗi ba. Duk Asabar sai ya jera kujeru uku a falo, ya zaunar da ni, da matarsa, da maƙwabcinmu mai wanki wanda bai taɓa shiga aji ba. Tambayoyi na cikin tukunya. Auta ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan ubanta, ta gaishe mu, ta zaro takarda. Umarni ne mu haɗe rai. Mai wanki ya fi kowa iyawa, har tsaki yake ja mata. Ni sau biyu ana korata saboda dariya.

Mun faɗa masa har bakinmu ya gaji: a nan fensir da biro ake ba yaro, ya duƙa ya rubuta. Ya ce sai dai in an shiga a gani.

Ranar da aka fara jarrabawar ya rufe rumfa, ya sa tsohuwar kwat ɗinsa, ya tsaya bakin makaranta cikin rana. Tana fitowa ya tambaye ta ko sun tsare ta da ido. Ta ce babu wanda ya ce mata uffan.

Auta ta ci, har da yabo. Na je rumfa in tsokane shi, na tarar ya cire gilashin yana share ido. Tausayinsa ya kama ni.

"Ni ban ci tawa ba," ya ce. "Ƙarya na yi wa Baba cewa takardar sakamakon ta ɓace. Wallahi na san amsar. Minti goma ina tsaye, murya ta ƙi fita."

Ya mayar da gilashin, ya jawo wani agogo.

"Da ma fensir suka ba ni."